Farar Rautar Bompai

Hotoro, 5:50 na asuba

Muna hutun makaranta, sai Inna ta ce in raka Yaya Hadiza, kada ta fita ita kaɗai da sauran duhu. Yaya ce ke kula da kwamfutocin wani kamfanin robobi. Tun jiya ofishinsu na Bompai ya kasa shiga rumbun bayanan da ke masana'antar Challawa, motoci suna tsaye ba lodi.

Bompai, 6:20

Manaja, Alhaji Sabo, ko gaisuwarmu bai amsa ba.

"Ki gyara kafin azahar, ko in ba Nura aikin."

Nura ɗan wansa ne, yana gefe yana danna waya. Sau uku Yaya ta gwada buɗe tanel, ɓoyayyiyar hanyar intanet da ke kai ta sabar Challawa, kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan. Shiru.

"Alhaji, an taɓa wani abu?"

"Wa zai taɓa? Aikinki ne ba ki iya ba."

Ni kuwa na ga wata farar rauta, na'urar da ke ba ofis intanet, a kan kabad, ledarta ba a gama ɓarewa ba, tana zaune cikin shatin ƙurar da ya fi ta faɗi. Kunya ta rufe min baki.

Sharada, 8:05

A siton kamfanin, gwaji ɗaya tanel ya buɗe.

"Sabar ƙalau take, Bompai kawai aka hana shiga," in ji Yaya. Ta ce fayawol ne, mai gadin sabar, wanda ba ya buɗe wa lambar intanet da bai sani ba. Kuma ba a gyara shi daga nesa. Muka ci awara a tsaye.

Mai adaidaitar da ya ɗauko mu ya ce, "Hajiya, kwamfutar ba ta san hanyar Challawa ba sai an kai ta?" Ba wanda ya yi dariya.

Challawa, 10:40

Warin jima ya tarye mu. Minti ashirin da biyar muna rana a bakin get, don Alhaji bai sanar da zuwanmu ba. A ciki Yaya ta tarar da wata baƙuwar lamba tana ta ƙwanƙwasawa tun jiya.

"Ba zan buɗe wa wanda ban sani ba."

Na tattaro ƙarfin halina. "Yaya, rautar Bompai sabuwa ce."

Ta kalle ni. "Tun safe kika gani?"

Ta kira Nura. Shi ya canza ta jiya, wai tsohuwar ba ta jan wasan ƙwallon da yake kallo a waya. Sabuwar rauta, sabuwar lamba. Ƙarfe 12:15 ta shigar da lambar a fayawol, Bompai ta haɗu. Alhaji ya bugo: "Ai na ce abu ne mai sauƙi." Sunan Nura bai fito bakinsa ba.

Hotoro, 2:30

Inna ta zubo mana shinkafa da wake. Na gode wa Allah da aikin Yaya ya tsira, na gode wa mai adaidaita da ya jira mu a rana. Alhaji Sabo kam, gobe in na gaishe shi bai amsa ba, zan maimaita da ƙarfi.