Baba Hamadu, Mai Ba da Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Baba Hamadu a gidansa da ke unguwar Briqueterie a Yawunde, bayan jinyar mako uku. Ya bar duniya yana da shekara saba'in da takwas. Ni Ja'afar mai hatsi ba ɗansa ba ne, maƙwabci ne kawai. Amma shekara goma sha shida muna cin abinci a kwano ɗaya, don haka ina ganin ina da bakin magana.

Baba, unguwa ta san ka da ɓeran masar, wanda a nan ake kira kobay. Shekara talatin ka yi kana kula da su a wani ɗakin gwaje-gwaje, da ka yi ritaya kuma ka kafa musu akurki a bayan gida. Mutane suka yi ta yi maka tsiya, wai dattijo da furfurarsa ya rasa abin kiwo sai ɓera. Ni ma na yi tawa, ban ɓoye ba. Kai kuwa ko a jikinka. Sai ka ɗauko jariri ɗan kwana ɗaya ka ɗora mini a tafin hannu, ka ce in duba: idonsa a buɗe, gashinsa cikakke, ga haƙora, har yana tsinkar ciyawa. Wane ɓera ne ake haifa haka?

A bakinka na ji cewa asalinsu can ne Kudancin Amurka, kuma har yau 'yan uwansu na daji suna nan, sirara, masu launin ƙasa, suna bin hanyoyinsu a ƙarƙashin ciyawa. Dubban shekaru da suka wuce mutane suka jawo su gida, suka yi ƙiba, suka yi roɗi-roɗi. Amma tsoron shaho bai bar su ba. Inuwa ta gifta, sai su sandare ko su ruga lungu.

Akwai laifin da na yi maka wanda har yau yake ci mini rai. Shekarar da ka tafi Ngawundare jinyar yayanka, ka bar mini amanarsu. Ka ce ganye, kullum ganye. Ni kuwa ɗan Zariya, mai hatsi ɗan mai hatsi, na ga ai wulaƙanci ne a ba dabbar Baba ciyawar bakin hanya da ɓawon kabeji alhali ga shagona cike. Na dinga zuba musu gero da masara da dusa mai kyau, yadda ake yi wa ragon layya, ina jiran ka dawo ka yaba. Cikin mako biyar suka fara jan ƙafa, gashinsu ya tashi. Biyu suka mutu kafin ka iso.

Na tsaya a ƙofar akurki kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka daɗe kana shafa waɗanda suka rage, sannan ka ce, "Ja'afaru, gata ka yi musu, gatan ne ya yi yawa. Jikinsu irin namu ne, ba ya yin bitamin C da kansa, sai daga ɗanyen ganye. Tashi mu je kasuwar Mokolo." Muka cika buhu biyu da ganye, suka farfaɗo. Ba ka sake tayar da maganar ba, ko da wasa.

Ɗabi'arka da kowa ya sani ita ce ba ka ba da ɗaya. Duk wanda ya roƙa, biyu za ka ba shi, ko ya tafi hannu rabbana. Kana cewa tun a daji a garke suke rayuwa, in aka ware ɗaya sai ya yi shiru, ya rage ci, ya lalace a tsaye. Na daɗe ban gane cewa da wannan idon ka dube ni ba. Lokacin da na zo Yawunde ban san kowa ba, ba Faransanci, iyalina suna gida Najeriya. Ka wuce shagona ka gan ni ina cin burodi fuskata na kallon bango. Washegari ka aiko a kira ni, kuma tun daga ranar ban sake cin abincin rana ni kaɗai ba.

Ranar da aka kai ka, na ɗauki buhunka na ganye na shiga bayan gida. Da suka ji motsin buhun suka ɗauki fito gaba ɗaya, yadda suke yi maka. A maƙabarta na daure, amma a nan na zauna na yi kuka.

Bayan sadakar uku, 'yarka Jamilatu ta yi shawarar raba su ɗaya-ɗaya, don kowa ya samu abin tunawa da kai. Na roƙe ta a yi yadda ka saba, ta yarda. Goma sha uku ne, aka ba gida shida. Tsohon namijin nan mai farin goshi ya rage, ba abokin tafiya. Na ce zan ɗauke shi in nemo masa na biyu a unguwar Nkomkana.

Jamilatu ta dube ni ta ce, "To shi an sama masa, Kawu. Kai fa? Kwana uku kwanonka na dawowa yadda aka kai shi. Daga gobe da maigidana Mamadu za ka riƙa ci, a tabarmar Baba. A gidan nan ba a barin ɗaya."

Na je, Baba. Na ci.

Ya Allah, bawanKa Hamadu bai bar ko dabba cikin kaɗaici ba, kada Ka bar shi shi kaɗai a kabarinsa. Ka yafe kurakuransa yadda ya yafe nawa, Ka haskaka makwancinsa, Ka sada shi da salihai a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Jamilatu da Mamadu, da dangi na Ekoudou da Ngawundare, da duk gidan da ya taɓa karɓar biyu daga hannunsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani. Amin.