Katakon Yanka da Na Kai Kudan

Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin macen kirki ta ɗora latas a kan katako ta yanka ba. A hannu ake yanka. Ki naɗe ganyen ki dunƙule shi a hagu, ki riƙe wuƙa a dama, ki dinga shararawa yana zuba cikin tire siri-siri. Haka uwata ta koya mini a Kudan, haka na yi shekara da shekaru a gidan aurena a Ikara. Katako na mahauta ne da masu tsire. Abin da muke faɗa ke nan, kuma ni ce kan gaba wajen faɗa.

In ana biki ko suna a danginmu, akwai tabarmar masu yanka. Kafin hantsi ya ɗaga an shimfiɗa ta a inuwa, an jibge kabeji da latas da karas da albasa da tumatir, kowace mace ta zo da wuƙarta ƙunshe a tsumma. A nan ake jin duniya. Wacce ta yi yaji, wacce ke da ƙaramin ciki tana ɓoyewa, wanda tsutsa ta cinye masa gonar tumatir, duk a nan ne. Matar da hannunta ya daina aiki kuwa, ɗakin tsofaffi ake kai ta. A shimfiɗa mata darduma, a ba ta goro, a shigo a durƙusa a gaishe ta a fita. Girmamawa ce, na sani. Amma wallahi ba abin da nake tsoro kamar ɗakin nan.

Ciwon hannuna daga babban yatsa ya fara. Na ɗauka sanyi ne, na shafa man zafi na ci gaba da harkata. Sannu a hankali gaɓoɓin suka kumbura kamar gaɓar rake, in na tashi da asuba sai na tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin in iya riƙe buta. A asibiti aka ce amosanin gaɓɓai ne, aka ba ni ƙwayoyi, aka ce in rage aiki. In rage aiki! Wa zai yi? Wata rana da azumi ina yanka albasar kwaɗo, yatsuna suka ƙi rufuwa, wuƙar ta sulale ta tsaga mini tafin hannu. Na zauna ina kallon jini yana ɗiga a kan albasa, ko tashi na kasa yi don gajiya.

'Yata da ke aure a Zariya ita ta fara kawo mini kayan zamani. Na farko wata roba ce mai murfi da igiya, a zuba albasa a ciki a ja igiyar. To ai jan ma da yatsu ake yi. Na daure na ja, albasa ta koma kamar an daka ta a turmi, latas kuwa ya zama ruwa. Na ce mata, "Ke, salak za a ci ko miyar kuka?" Ta yi dariya ta fito da abin goga karas. Shi kam karas yana goguwa, sai dai yana haɗawa da fatar gaɓoɓina, don yatsun ba sa lanƙwasuwa su kauce. Abu ɗaya na yaba, wani ɗan ƙarfen fere karas da kokwamba mai faɗin mariƙi, wanda ba ya buƙatar a matse shi. Daga ƙarshe ta ciro katako daga ƙasan jaka, ta ajiye a gabana ta kau da kai, don ta san bakina.

Katakon ya daɗe a bayan randa ban taɓa shi ba. Maigida ne ya ga ina fama, ya samo robar cikin tayar keke ya nannaɗe mariƙin wuƙata da ita, har ya yi kauri kamar ƙotar fartanya. Muni kam ya yi muni. Amma hannuna ya zauna a kai ba sai na dunƙule ba. Ran nan da rana, gida ba kowa, na jawo katakon. Na koyi shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa don kada ya zame. Na koyi raba kabeji biyu in kifa shi, in danne da tafin hannu maimakon yatsu. Yana yankuwa. Ba siri-siri irin na da ba, kuma kafin in gama guda kafaɗata ta riƙe, amma yana yankuwa. Na ji kunya na ji daɗi, duk a lokaci guda.

Ana nan sai 'yar ƙanina ta haihu a Kudan. Ran suna na yi sammako na shiga mota, katako a cikin jaka na lulluɓe shi da zane kamar kayan sata. Duk hanya ina shawara da zuciyata, in fito da shi ko in bar shi. Da na isa na tarar an riga an shimfiɗa tabarma. Aka gaggaisa, ya gida, ya yara, ya maigida, ya jiki, an samu ƙaruwa, Allah ya raya. Na nemi wurina kusa da taubashiyata, 'yar gwaggona, wadda tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Na yi bisimilla na fito da katako.

Ta kalle shi, ta kalli wuƙar mai roba, ta tafa hannu. "Tabɗi! Jama'a, yau mahauci muka samu daga Ikara. Sarkin fawa, a yanko mini hanta, ban da ƙashi."

Tabarma ta ɗauki dariya. Na ce, "Ke da albasarki ke fitowa kamar an sara da gatari, har kina da bakin magana? Matsa mini, kada in haɗa da yatsanki."

Ba wanda ya san irin sanyin da na ji a raina. Muddin ana tsokanarki a tabarmar nan, to ke tasu ce. Na kifa kabejina na fara. Ana hira, ana kawo labarin wata amarya da ta zuba sukari a miya, ina sa baki, ina danna wuƙa. Na lura tiren kowa yana cika ana juyewa, nawa ko rabi bai yi ba, amma na yi kamar ban gani ba. Hannun yana zafi tun daga wuyansa har gwiwa. Na cije na ɗauki wani kabejin.

Shi ne ya kayar da ni. Mai tauri ne, irin na rani. Na ɗora wuƙa zan raba shi, na danna, sai babban yatsana ya ƙage gaba ɗaya. Wani raɗaɗi ya harbe ni har ƙwaƙwalwa, na ce "Wayyo!" ban san na faɗa ba. Wuƙa ta faɗi, kabeji ya gangara daga tabarma ya shiga ƙasa. Na kai hannu in ɗauki wuƙar, yatsun suka ƙi. Na sake gwadawa, kowa yana kallo, suka sake ƙi.

Na jira taubashiyata ta ce wani abu. Da ta ce mahauci ya bugu, ko ta ce nama ya gudu, da na rama, da an yi dariya an wuce wurin. Sai ta sunkuya ta ɗauki wuƙar ta goge da gefen zanenta, ta ce a hankali, "Sannu." Tun da muke ba ta taɓa ce mini sannu ba.

Matar ƙanina, uwar mai jego, ta taso daga wajen murhu ta durƙusa a gabana. "Haba Yaya, ga mu birjik, ki zauna kina wahala? Ai abin kunya ne gare mu. Don Allah ki taso ki huta."

Na ce yanzu zai sake ni, ruwan ɗumi kawai nake so. Ta ce za a kawo mini ɗaki. Me zan ce? Mutum ya durƙusa yana girmama ki a gaban jama'a, ba ki da hanyar ƙi. Na so in yi faɗa, faɗan ma ba ni da ƙarfinsa. Na gaji, gajiyar da ba ta hannu kaɗai ba. Ta kama ni na miƙe, kafin mu kai bakin ƙofa na ji hira ta ci gaba a bayana.

Ɗakin da duhu-duhu, yana warin man zafi da goro. Tsofaffi na jingine da bango. A cikinsu akwai ƙanwar uwata, wadda a zamaninta ba a fara yanka sai ta iso. Na durƙusa da ƙyar na gaishe ta. Ta dubi hannuwana. Sai ta ja jikinta gefe, ta daddaɓa darduma kusa da ita.

Ta ce, "Zauna ta nan, 'yar nan. Wajen taga ya fi. In sun ɗaga murya ana ɗan jiyo su."