Ranar kai yaye mota ta mutu mana a rairayi

Tun ranar da Gwaggo ta dube ni ina shara ta ce, "Ke, tafiyarki ta canja, sai a kai yarinya yaye," barcina ya lalace. Gwaggo ƙanwar mahaifin maigidana ce, ita ta raine shi, kuma tare muke zaune a Dogon Dutsi. Ba ta yi ƙarya ba, ina da ƙaramin ciki, kuma a wajenmu mai ciki ba ta ci gaba da ba da nono. Aka yanke za a kai ɗiyata wajen Innata, can ƙauyenmu bayan Gesheme, ta zauna har ta manta.

Abin da ya ƙara mini nauyi, ɗiyar fari ce. Kun san yadda ake yi. Ba na faɗin sunanta, ba na yi mata wasa gaban manya, balle a ga hawayena saboda ita. Alhali yarinyar nan ba ta taɓa barci ba sai ta damƙe bakin zanena a hannunta. Ni ba nonon nake tsoron ta manta ba. Tsorona in koma ɗauko ta ta ɓuya bayan Inna tana leƙo ni kamar baƙuwa. Wannan magana ba ni da wanda zan gaya wa, sai na yi ta haɗiye ta.

Mun tashi da asuba bayan an fito salla, mu huɗu: maigida a sitiyari, Gwaggo a gaba saboda gwiwoyinta, ni da yarinya a baya tare da buhun shinkafa da kwalin sabulu na tsaraba. Motar tamu ta hannu ce, ta ga duniya kafin ta iso gare mu. Maigida bai daɗe da sayen ta ba, da can babur yake hawa. Ƙofar wajen Gwaggo daga waje kawai take buɗuwa, shi ya sa duk inda muka tsaya sai ya zagaya ya buɗe mata, ita kuma ta ce yau ta zama matar gwamna.

Kaka ce, hanya ta yi kyau da kallo. Dammunan gero jere a gonaki, ana ɗinkin sabbin rumbuna, amalanken shanu na tafe gefen kwalta a hankali. Mun wuce Kiyeshe rana ba ta yi zafi ba. A Kore Mai Ruwa muka tsaya karin kumallo, koko da ƙosai mai zafi. Ƙosan ya yi daɗi amma ya ƙanƙance, har Gwaggo ta tambayi mai suyar ko da cokalin shayi take zubawa. Man fetur na kwalba da ake sayarwa bakin hanya ma ya yi tsada, maigida ya sha ciniki kafin a zuba mana. A nan na ga wasu ƴan takalman roba jajaye a tebur. Na kasa cewa a saya, sai kallo. Gwaggo ta kwance bakin zane ta saye su, ta miƙo mini baya ba tare da ta waiwayo ba. "Sa mata, ƙayar ƙauye ba ta san ɗiyar birni ba."

Daga nan muka nufi Tibiri. Ƙasar ta fara canjawa, ga rake da rogo a fadama, ga mata na tsinkar wake. Ni kuwa duk garin da muka wuce sai idona ya koma kan ɗiyata. Don kada in yi ta kallon yarinyar, sai na zuba ido gaban mota. Shi ya sa na lura da wata ƴar jar fitila kusa da sitiyari, mai hoton akwati. Duk ramin da muka faɗa sai ta ƙyafta ta ɗauke. Na ɗauka haka aka yi ta, ban ce komai ba.

Bayan Gesheme muka bar babbar hanya muka shiga turbar amalanke. Akwai wani wuri mai rairayi kafin a hau fako, wanda duk ɗan garinmu ya sani. Maigida ya shige shi a babbar giya, yana ba Gwaggo labari. Mota ta yi nauyi, ta yi ta zillo kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa, ta yi tari, ta mutu.

Ya murɗa makulli. Inji ya juya amma bai kama ba. Ya sake, yana ta dannan totur da ƙafa kamar mai ɗinki da keke. Warin mai ya cika motar. Ya sake, ya sake, tun injin na juyawa da ƙarfi har ya koma nishi, a ƙarshe sai ƙyat, ƙyat, shi ke nan.

"To, matar gwamna ta iso," in ji Gwaggo. "Zo ka buɗe mini."

Muka koma ƙarƙashin wani gawo. Ya ɗaga murfin gaba ya tsaya yana kallon inji, hannu a ƙugu. Na ji tausayinsa, domin na san kallon kawai yake yi. Ba zan ɓoye muku ba, ƴan'uwa, a daidai lokacin nan wani sanyi ya sauka a zuciyata. Na ce a raina, in motar nan ta ƙi tashi, ƙila a ce a koma gida, in ƙara kwana da ɗiyata.

Waya ba ta kamawa a kwarin, sai da ya hau wani tudu kafin ya samu makanikensa na Dutsi. Yana magana yana ɗaga murya, muna jiyo komai. Makaniken ya ce abu na farko ya daina taɓa makulli. Warin man nan, ya shaƙe injin da mai ne saboda dannan totur, sai a bar shi ya huce. Ya tambaya ko fitilu na kamawa. Maigida ya sauko ya gwada, suka yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ya koma tudu. Aka ce ko ya ga wata alama a hanya kafin haka, ya ce babu.

Bakina ne ya riga ni. "Malam, jar fitilar nan mai akwati tana ta ƙyaftawa tun Tibiri."

Ya faɗa wa makanike, aka ce ya duba kan batir. Ashe ɗaya daga cikin wayoyin ya saki, da yatsa ma juyawa yake, ga wani farin gari kamar kanwa ya taru a kai. Tun safe batirin ba ya samun caji yadda ya kamata, ɗan ƙarfin da ya rage kuma murɗe-murɗen makulli ya cinye. Ya kankare garin da bakin wuƙa, ya goge da tsumma, ya ɗaure wayar tam. Amma batir ya riga ya kwanta. Makanike ya ce sai turi, a giya ta biyu, kuma ba cikin rairayi ba, sai an kai ta ƙasa mai tauri.

Allah ya kawo wasu mata daga tsinkar wake, ƙwarya a ka. Babbarsu ta gane ni, ƙawar Innata ce. Suka sauke kaya ba tare da an roƙe su ba, suka kwaso karan gero aka shimfiɗa ƙarƙashin tayoyi. Maigida na turi ta taga yana riƙe da sitiyari, mu muna baya, har muka fitar da ita kan fako inda ƙasa ta ɗan gangara.

A nan magana ta tsaya. Matan sun gaji, in ba da ƙarfin namiji ba motar ba za ta yi gudun da ake so ba. In kuma ya yi turi, wa zai zauna ciki? Duk suka juyo suka dube ni, domin ni ce aka riga aka hana turi mai ƙarfi saboda cikin.

"Ni? Ko keke ban taɓa hawa ba."

"Ba tuƙi za ki yi ba," in ji shi. "Ƙafa kawai."

Ya zaunar da ni ya nuna mini abin takawa guda uku. Na hagu shi ne ambirayaji, wato kuloci, na tsakiya burki, na dama totur. Ya sa giya da kansa, ya buɗe makulli. Ya ce in danne na hagu har ƙasa. In na ji ya ce "saki", in ɗage ƙafa. In inji ya kama, in sake danne na hagun da sauri, in ɗan taɓa totur don kada ta mutu, in bar ta ta gangara har ta tsaya. Gwaggo ta kwance yarinyar daga bayana ta koma gindin gawo da ita.

Aka fara turi. Mota ta motsa, itatuwa suka fara tafiya baya. Sai na ji kukan ɗiyata, irin kukan nan na in ta ga na fita ban ɗauke ta ba. Na waiwaya. Ƙafata ta zame tun ba a ce ba, mota ta yi tsalle ta tsaya cik, matan suka yi karo da bayanta.

"Ke ɗiyar nan, haƙoran da suka rage mini kike so?" in ji ƙawar Inna, suka kwashe da dariya.

Maigida bai yi faɗa ba, sai haki yake yi, rigarsa ta jiƙe. Ya ce gangaren ya kusa ƙarewa, in an sake kuskurewa ba su da ƙarfin mayar da ita sama. Gwaggo ta taso da ɗingishinta ta zo taga, yarinyar a kafaɗarta. Ta sunkuyo ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji sai ni.

"Na san mi ke cikin ranki. Ranar da aka kai nawa na fari, bayan rumbu na shiga na cusa zane a baki. Ko motar ga ta kwana nan, da amalanke za mu ƙarasa, sai dai yarinya ta sha rana a banza. Ki dubi gabanki. Tana hannuna."

Ban taɓa jin Gwaggo ta yi mini magana haka ba. Na share fuska da mayafi, na danne ambirayaji.

Suka sake turi. Kukan ya sake tashi, ya fi na farko. Na riƙe sitiyari har yatsuna suka yi zafi, ban waiwaya ba. "Saki!" Na ɗage ƙafa. Mota ta girgiza kamar za ta watse, ta yi tari, sai inji ya ɗauka da ruri. Na danne na hagu, na taɓa totur, ta yi wata ƙara da ta tashi tsuntsaye daga gona. Tana gangarawa da ni, ni kaɗai, muryar ɗiyata na raguwa a baya. Tun da na haife ta ban taɓa yin nisa da ita haka ba. Da motar ta tsaya ban iya ɗage ƙafa ba, ina tsoron ta mutu. Sai na ɗaga ido ga ɗan madubin sama. Can gindin gawo na hango Gwaggo ta zauna, yarinyar a cinyarta, ana ɓare mata ɗanyen wake. Ta yi shiru, har tana miƙa hannu a ƙara mata. Na yi kukana a nan, ƙarar inji ta rufa mini asiri, kafin maigida ya iso da gudu ya mayar da giya tsakiya.

Muka ɗauki matan da ƙoransu, aka cushe kamar buhunan gawayi, muka shiga gari ana guɗa. Kafin in sauka labari ya riga ni, wai ɗiyar Inna ta zo da mota da kanta. Inna ta dama mana fura da nonon shanu mai kauri, aka yi tuwon sabon gero da miyar kuka. Motar kuwa a kan tudun bakin masallaci aka ajiye ta, hancinta na kallon gangare, saboda ko ta kwana. Da la'asar, yarinyar na wasa da ƴan awaki a bayan ɗaki, Inna ta yi mini alama da ido. Na ajiye mata tsohon zanena a kan gado, na fita ban yi sallama ba. Makulli ɗaya motar ta tashi.

Mun iso Dutsi ana kiran magariba, bayana wayam, ba nauyi ba ɗumi. Abin da na koyo a tafiyar nan, in tsohuwar mota ta mutu kada a yi ta murɗa makulli ana dannan totur, a tsaya a duba kan batir tukuna. In jar fitila na ƙyaftawa a faɗa, ko da mutum bai san sunanta ba. Rairayi kuma da ƙaramar giya ake shigar sa. Na kuma gane tsofaffin nan da ke hana mu kuka sun yi nasu, ɓoyewa kawai suka yi.

Washegari ina share motar na tsinci takalmi ɗaya ja a ƙarƙashin kujerar direba. Ɗayan yana can tare da ita. Inna ta aiko cewa tana cin tuwo, tana barci da zanen a hannu, amma ƙafa ɗaya take sa wa takalmi tana yawo a tsakar gida. An ce kada in je da kaina yanzu, ganina zai mayar da aiki baya. Don Allah, in akwai mai zuwa wajen Gesheme ranar kasuwa mai zuwa, ya yi mini magana in ba shi ya kai mata. Ba shi da nauyi, aljihu ma zai shiga.