Man Gashin da Na Fara Gwadawa a Kaina

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki. Tun kakar albasar bara ba ku ji ɗuriyata ba. A da, da murya nake aiko muku saƙo, yau kuwa da hannuna nake rubutawa, domin na kammala ajin koyon karatu na manya a nan Aliero, kuma malaminmu ya yaba da rubutuna a gaban jama'a. Na ga ya dace rubutuna na farko ya zama mai amfani.

Mai ɗakina Hassi, 'yar garin Mungadi, ta samu juna biyu. Cikin yana ƙwari sai gashinta ya soma karyewa. Idan ta tsefe kitso, sai in ga tana ɓoye abin da ya fito a mataji. Ba ta yi ƙorafi ba, amma ni mutum ne mai lura.

Na hana ta man kanti, domin ban san abin da aka zuba a ciki ba. Na ce ni da kaina zan haɗa mata na gida. Na sayo man shanu wurin matan Fulani a kasuwar Jega, na daka albasar gonata na tace ruwan, na ƙara garin hulba.

Wurin zubawa ne aka samu matsala. Kamar kowane manomin albasa, ina da robobin maganin feshi da suka ƙare. Muna zuba gishiri a ciki, muna zuba kananzir. Na zaɓi mai marfi mai kyau, na wanke ta da toka, na zuba haɗin.

Sai na yi shawara irin ta magidanci: abin da ban gwada ba, ba zai taɓa kan mai ciki ba. A ranar, wanzami ya yi mini aski, har ya ɗan yanke ni. Na shafe kaina da man sosai, na kafa hula, na miƙa wa Hassi robar, na ce idan ta gama tsifa ta shafa, in dai ba ta ji wani labari daga gare ni ba. Na tafi gona.

Kafin azahar zufa ta jiƙa rigata. Miyau ya riƙa zuba ban iya tsayar da shi. Amai ya biyo baya, gani ya dushe, ƙirjina kamar an ɗaure da igiya.

Ƙanena Sani ya same ni kwance a bakin kwalbati. A mota aka kai ni asibiti a Jega.

Likita ya haska idona da tocila, ya ce, "Malam, ka yi feshi yau?" Na girgiza kai. Ya cire hulata, ya sunsuna, ya ja da baya. Nan take aka wanke mini kai da sabulu, aka sa mini ƙarin ruwa da robar iska a hanci, aka ɗebi jini, allura kuma tana bin allura.

Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye ba. Amma da na tuna robar tana ɗakin Hassi, sai na manta da kaina. Harshena ya yi nauyi. Da ƙyar na kamo rigar Sani na ce, "Robar. Hassi. Kada ta shafa."

Ya kira wayarta. Ashe wayar tana wurin mai caji.

Ya ari babur ya nufi Aliero. Ni kuwa ina kwance ina kallon ƙofa, ina tuna cewa ni na ce mata ta shafa idan ba ta ji labari ba. Ban taɓa roƙon Allah kamar na wannan yammacin ba.

Bayan la'asar suka shigo, Inna mahaifiyata a gaba, Hassi a baya tana riƙe da ƙugu. Ta ɗan ɗaga mayafi, na ga rabin kai a tsefe, gashin a bushe.

Ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ina buɗe marfin warin albasa ya tayar mini da zuciya. Na kai ta bayan rumbu. Na so in ce maka na shafa, don kada ranka ya ɓaci."

Inna ta ce, "To, likitan gashi, ka ji. Yau ƙin bin umarninka ya yi rana. Kai da ko gashin ba ka da shi, mi ya kai ka?"

Na so in yi bayani, kuka ya riga ni.

Na daɗe a gadon nan. Buhunan albasar da na ajiye ina jiran tsada, su aka sayar aka biya magani. Ko da aka sallame ni, hannuna yana rawa, kuma fatar kaina ta saɓule. Hassi ce ta riƙa shafa mini man kaɗanya, da cikinta da komai, tana cewa, "Wanga a kwano yake, Malam, kwantar da hankalinka."

Ina godiya ga Allah, da likitoci da ma'aikatan jinya, da Sani, da Inna.

Shawarata ga manoma: robar maganin feshi ba ta wankuwa, likita ya ce mai yana janyo abin da ya maƙale a jikinta. Ku huda ta ku binne nesa da rijiya. Mai ciki kuma, ko haɗin gida ne, ta tambaya wurin awo kafin ta shafa. Wanda ya ji zufa da dalalar miyau bayan taɓa magani, a kai shi asibiti da gaggawa, a tafi da robar.

Hassi ta sauka lafiya, mun samu 'ya mace. Da ungozoma ta miƙo mini ita, kanta cike yake da baƙin gashi. Na buɗe baki zan yi magana, Hassi ta ce, "Malam, wannan kan, ni zan kula da shi."

Na amince, kuma ga shi na rubuta da hannuna.