Bututun da Na Sa Aka Ɗaga

A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula kowa ya yi baki, ni ma na yi nawa. Ina koyarwa a Rano lokacin, gidana katanga ɗaya da gidan burodi. Bututun hayaƙinsu gajere ne, idan itace ya yi wuya har tsofaffin tayoyi suke cusa wa wutar. Na gaji da wanke farar riga sau biyu, na kai ƙara wurin mai unguwa, na yi ta zuba bayani kamar ina gaban aji. Mai burodin ya ce, "Malam, me kake so a yi?" Na ce a ƙara wa bututun tsawo, hayaƙi ya tafi sama inda ba kowa.

Aka ƙara bulo. Tsakar gidana ta yi fes, na riƙa tafiya ina buɗa kafaɗa.

Gidan mahaifiyata yana can gangare, bakin kududdufi, kuma ta daɗe da ciwon fuka. Wata safiya bayan ɗaukewar damina na fito daga masallaci na ɗaga kai. Iska ba ta motsi. Hayaƙin ya tsallake rufina, ya miƙe, sannan ya sunkuyo a hankali ya kwanta a gangaren kamar an shimfiɗa bargo. Na bi shi da ƙafa, bai kai ni ko'ina ba sai ƙofar Inna.

Na same ta zaune bakin gado, ta dafe gwiwoyi, ƙirjinta yana kuka kamar kazar da mura ta kama. Baƙi-baƙi ya rufe ruwan randa. Tun daga ranar tsoron safiya ya shige ni. Kafin na gaida kowa sai na duba inda hayaƙi ya nufa.

Na koma wurin mai burodi. Ya ce, "Ai abin da ka ce aka yi." Na roƙi Inna ta tafi Kahu wurin ƙanwarta, ta ce ba ta barin ɗakinta.

Ranar da muka ɗauke ta zuwa asibiti, ta riƙe hannuna, tana ciro magana ɗaya-ɗaya. "Allah ya yi maka albarka. Da ba ka sa an ɗaga abin nan ba, da tuni ya kashe ni."

Na ce amin. Har ta rasu ban iya gaya mata gaskiya ba.