Kalangun Malam Terhemba

Malam Terhemba mutumin Binuwai ne, dogo, siriri, ga taurin kai kamar jakin da ya hangi rafi. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Kaura Namoda yana koyar da lissafi, ranar Lahadi kuma shi ke jan waƙa a coci. Da aka turo shi firamaren ƙauyenmu, can bayan Banga, sai ya zo mana da cutarsa: ba ya iya cewa biyu sau biyu sai da waƙa. Shara waƙa, wanke hannu waƙa. Yara sun iya lissafi, ba zan yi masa ƙarya ba, amma mu da gidajenmu ke jikin makaranta kunnuwanmu sun sha azaba. Hedimasta Maitama ya gargaɗe shi: in aka sake kawo ƙara, zai rubuta a ɗauke shi.

Maimakon ya rage, sai ya je kasuwar Shinkafi ya sayo kalangu. Duk gangunan duniya bai ga ta saye ba sai ta mahauta! A nan ko yaron goye ya san in kalangu ya tashi da safe, an yanka sa.

Ranar Litinin ya saƙala abinsa a hammata, ya hau kaɗawa yara na shiga layi. Kafin a gama fareti, tsofaffin gari sun cika ƙofar makaranta da kwanoni. Iya Kulsumu ce a gaba.

"Malam, ina naman? Ni tumbi nika so."

"Mama, babu nama. Makaranta ce."

"To uban wa kaka yi ma kiɗi?"

Sai ga Muhtari Sarkin Pawa yana huci, wuƙa a ƙugu.

"Wa ya yi yanka garin ga ban sani ba?"

"Sarki, ba wanda ya yanka komai. Ganga ai ganga ce."

"Ganga ganga ce? In ƙararrawar cocinku munka ɗauko muna kiran masu sayen tsire da ita, mi za ka ce?"

Manoma kuwa tasu ta fi zafi. Su da suka gaji garma tun kakanni, a ce 'ya'yansu na taka rawar fawa a layi? Ranar Laraba yara tara kacal suka zo.

Maitama ya kira shi ofis. "Malam, ka aje abin ga, ka tai ka ba Sarkin Pawa haƙuri, in rufa maka asiri."

"Ranka ya daɗe, haƙurin me? Yara na zuwa da wuri in sun ji kiɗa."

"Waɗanne yara? Leƙa ka gani!"

Bai leƙa ba, bai kuma ajiye ba. Washegari ya kaɗa wa yara tara da akuya biyu.

Bayan mako uku takarda ta zo, an mayar da shi wata makaranta can wajen Zurmi. Ya ɗaure katifarsa a bayan babur, ba wanda ya raka shi ko bakin hanya. 'Yan aji huɗu da yake koya wa kuwa har aka yi hutu ba su sake ganin malamin lissafi ba.