Ranar Da Baba Kuwabara Ya Shiga Sashen Mata

A layinmu na gangaren tashar jirgin ruwa a garin Onomichi, da wuya ka sami tsoho ko tsohuwar da bakinta bai san hannun Baba Kuwabara ba. Haƙoran roba yake haɗawa tun yana saurayi, a wani ɗan ɗaki bayan asibitin haƙori. Ni Tomie, shagon gyaran gashi gare ni, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu.

Da ya ajiye aiki sai ya zame wa matarsa Fumie ƙarfen ƙafa. Ta shiga madafa ya bi ta, yana gyara zaman cokula, yana leƙa tukunya. Wata safiya ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Tomie, zo ki ɗauke min tsohon nan. Kyauta na ba ki, har da tabaransa."

Na ce, "Wanda nake da shi ma neman mai ɗauka nake."

Ƙarshe ta kora shi ɗakin ajiya da akwatin kayan aikinsa: hantsaki, ƴan mitsi-mitsin wuƙaƙe, kakin zuma da gilashin ƙara girma. Aka daina jin ɗuriyarsa sai lokacin cin abinci. Kafin bazara ta wuce ya fito da wani akwatin katako da bai fi na takalmi ba. Muka leƙa, sai ga madafar Fumie sak. Tukunyar shinkafa kamar ƙwayar wake, tsumman goge hannu rataye a ƙusa, har da ɗan gasasshen kifi a faranti.

Fumie ta ƙura ido, ta ce, "Har baƙin hayaƙin bangon sai da ka saka? Tona min asiri za ka yi?"

Ya ce, "Ɗakin da ba tabo, ai ba a zauna cikinsa ba."

Daga nan abin ya shiga jininsa. Tsinken cin abinci ya zama ƙafar tebur, murfin man goge baki ya zama bokiti. In ka yar da abu a gabansa sai ya tsince, ya juya shi, ya sa aljihu.

Ana nan sai tukunyar dafa ruwan gidan wankan unguwa ta fara yoyo. Mai gidan, Iya Okabe, gwiwoyinta sun gaji, ƴarta kuma ta matsa mata ta koma wurinta a Osaka. Ta yanke shawarar rufewa. Ita da kanta ta hauro gangaren da sandarta ta sami Baba Kuwabara, ta ce, "Ka yi min gidan nan a akwati kafin su rushe shi."

Sashen maza bai ba shi wahala ba, a nan ya yi wanka duk rayuwarsa. Matsalar ita ce ɗaya ɓangaren. Rabonsa da shi tun uwarsa na goya shi. Dole ya nemi mata su ba shi labari. Muka taru a ɗakinsa, ni da Fumie da Setsuko mai sayar da kifi, muka baje a tabarma da shayinmu, shi kuma yana riƙe da fensir.

Setsuko ta ce, "Sikeli yana bakin ƙofa."

Na ce, "Ƙarya ne, kusa da madubi yake."

Ta ce, "Ke yaushe rabon da ki hau shi har za ki san inda yake?"

Fumie ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Haka muka yi ta yi, kowa da nata. Abu ɗaya ne bakinmu ya zo ɗaya a kansa: gadajen jarirai na katako da ke jere a jikin bango, da ƴar katifa a kowanne. Baba Kuwabara ya sassaƙa su, Fumie ta ɗinka katifun da tsohon zanin gado.

Kashegarin ranar da aka rufe gidan, da hantsi, bayan an tsiyaye ruwa, Iya Okabe ta aiko a kira shi ya duba da idonsa. Muka raka shi. Da ya iso gaban jan labulen mata sai ya toge. Dattijo da furfurarsa, kunnuwa sun yi jawur.

Iya Okabe ta ce, "Shiga mana, babu kowa sai kwanuka."

Ya cire hula, ya rusuna wa labulen, ya ce, "A gafarce ni." Setsuko ta riƙe ciki ta zauna a ƙasa don dariya.

Ya shiga yana taku a hankali, ya dubi nan ya dubi can. Can ya juyo ya ce, "To ina gadajen?"

Muka dubi bangon. Babu gado ko ɗaya, sai firjin lemo da kujerar tausa. Iya Okabe ta ce ai tun da jarirai suka yi ƙaranci a unguwar ta kwashe su, shekaru aru-aru. Kullum muna shiga ɗakin nan, amma da aka ce mu kwatanta shi, na zamanin goyonmu muka kawo. Dariyar ta ɗauke mana.

Baba Kuwabara ya ce, "Iya, wanne za a yi miki? Cire su ba wuya."

Ta zauna a bakin kwamin wanka, ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Bar su. A kansu na yi renon ƴaƴan layin nan kaf, uwayensu na ciki suna cuɗa baya. Ɗan Tomie ma sau nawa ya yi min fitsari a cinya."

Sikelin kuwa, a tsakiya yake, tsakanin ƙofa da madubi. Ni da Setsuko kowa ta ce ita ta fi kusa.

An rushe gidan, yanzu wurin ajiye motoci ne. Iya Okabe ta ƙi tafiya da akwatin, ta ce a Osaka wa zai gane shi? Ta bar shi a tagar shagona, da ƴar fitila a ciki. Tsofaffin mazan unguwa kan tsaya su yi kamar nasu sashen suke kallo, ido kuwa yana ɗaya gefen. Iya Okabe ma takan hau jirgin ƙasa ta zo in gyara mata gashi, ta sa a juya mata kujera ta fuskanci tagar.

Yanzu hannun Baba Kuwabara ya fara rawa, idon ma sai a hankali. Yana yanka katako ya haɗa, fenti kuwa Fumie ce ke yi, kuma ta fi shi iyawa, ko da yake ba mai faɗa a gabansa. Ƴan kwanakin nan tsohon shagon aski na bakin gada suke yi. Jiya Fumie ta zo ta tsaya a kaina ina yi wa wata aski, ta duƙa ta tattara gashin da ya zuba ta ƙulle a takarda.

Ta ce, "Wai sai an ga gashi a ƙasan shagon. Ki samo mana fari kuma, ya ce masu zuwa wurin duk tsofaffi ne."